Igiya, Alli da Fitila: Kayan Da Jarumin Wasan Labari Na Kan Tebur Ke Buƙata A Jakarsa

A shekarar 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin ta Amurka ya fitar da wasu ƙananan littattafai uku a cikin kwali ɗaya. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka rubuta su, sunan wasan kuwa Dungeons & Dragons. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Mutane huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur, ɗayansu ya zama jagoran wasa, shi ke bayyana duniyar da ake ciki da abin da ke faruwa a cikinta. Sauran kuwa kowa ya ƙirƙiri jarumi guda, ko mayaƙi, ko matsafi, ko ɗan sane, ya rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayansa a kan takarda, sannan ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi. Idan ana shakkar ko abin zai yiwu, sai a jefa ɗan ludo, wanda a bugun zamani yawanci mai fuska ashirin ne, a ga abin da ya fito.

Sabon ɗan wasa kan ɓata lokacinsa wajen zaɓen takobi da sulke da tsafe-tsafe. Amma tun a waɗancan littattafai na farko akwai wani jeri da ido kan tsallake: igiya mai tsawon ƙafa 50, sanda mai tsawon ƙafa 10, manyan ƙusoshin ƙarfe 12, buhuna, salka, fitila, kwalbar mai, madubi, har da tafarnuwa. Shekaru hamsin bayan haka akasarin waɗannan kaya suna nan a littattafan wasan, kuma tsofaffin 'yan wasa sun san cewa su ne ke raba jarumin da ya dawo gida da wanda aka yage takardarsa bayan an shafe watanni ana gina shi. Dalili shi ne takobi abu ɗaya ya iya, ƙa'ida ta riga ta faɗi iyakarsa. Igiya kuwa ba wanda ya ƙayyade mata aiki. Duk abin da ɗan wasa ya iya tunanowa, jagora kuma ya yarda hankali zai ɗauka, igiya za ta yi shi, sau da yawa ma ba tare da an jefa ɗan ludo ba. Mai kayan aiki yana rage dogaro da sa'a ke nan.

Alƙaluman da ke wannan rubutu daga littafin 'yan wasa na bugu na biyar suke, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014. An sake fitar da littafin da gyare-gyare a 2024, saboda haka yana da kyau mutum ya tambayi wane ne ake amfani da shi a teburinsu.

Kuɗi da nauyi

Kuɗin wasan tsaba ne: tagulla 10 ke yin azurfa ɗaya, azurfa 10 ke yin zinariya ɗaya. Awo kuma na Amurka ne, wato ƙafa da laba da galan. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, galan ɗaya kuma ya kusa lita huɗu. Mayaƙin da ya zaɓi ya sayi kayansa da kansa kan fara da kimanin zinariya 125, matsafi kuma da kimanin 100.

Don sauƙaƙa wa sababbi, littafin ya haɗa wasu jakunkuna da aka riga aka shirya. Jakar mai yawon bincike, wadda ake sayarwa zinariya 10, tana ɗauke da shimfiɗa, kwanon cin abinci, ƙyastu, sandunan wuta 10, guzurin kwana 10, salka da igiyar rama ƙafa 50. Ta masu shiga kogo, mai zinariya 12, ba ta da shimfiɗa da kwano, amma tana da ƙarfen ɓanɓara da guduma da ƙusoshin hawa 10. Ta ɓarayi, mai zinariya 16, ita ta fi ban sha'awa, domin a cikinta ake samun ƙararrawa da zare da fitila da 'ya'yan boris dubu.

Wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga abin dariya a nan. Nauyin jakar mai yawon bincike ya kai laba 59, kusan kilo 27, alhali littafin da kansa ya ce jakar goyo laba 30 kawai take ɗauka. Ko an ɗaure igiya da shimfiɗa a wajenta, abin da ya rage ya fi ƙarfinta. Yawancin tebura ba su damu ba, domin ƙa'idar asali tana da sassauci: jarumi na iya ɗaukar makin ƙarfinsa sau 15 a laba. Amma akwai wata ƙa'idar zaɓi mai tsauri, wadda a ƙarƙashinta da zarar kaya sun wuce makin ƙarfi sau biyar, saurin jarumi zai ragu da ƙafa 10, in sun wuce sau goma ya ragu da ƙafa 20. Matsafi mai makin ƙarfi 8 zai fara jan ƙafa daga laba 40, wato tun bai ɗauki littafin tsafinsa ba jakar ta riga ta danne shi. Tambayar farko da ya kamata a yi wa jagora kafin a sayi ko da allura ita ce: wace ƙa'idar nauyi muke bi?

Haske shi ne agogo

Sandar wuta, wato itacen da aka naɗe kansa da tsumma mai mai, tagulla ɗaya ce, nauyinta laba ɗaya, tana ci na awa ɗaya. Tana haskaka ƙafa 20 sosai, da wasu ƙafa 20 dishi-dishi. Jakar da aka ambata ta ba da abincin kwana 10 amma hasken awa 10 kacal. Ayarin da ya nutsa cikin ƙasa ya yi awa biyar yana tafiya, to ya cinye rabin haskensa, kuma lokacin juyawa ya yi, ko an sami abin da aka zo nema ko ba a samu ba.

Fitila mai murfi ta fi tsada, zinariya biyar, amma lissafinta ya fi kyau. Kwalbar mai ɗaya, mai nauyin laba ɗaya da farashin azurfa ɗaya, tana kai ta awa shida, kuma haskenta ya kai ƙafa 30. Abin da sandunan wuta shida za su yi da nauyin laba shida, kwalba ɗaya ta yi shi. Sannan ana iya sauke murfinta haske ya koma ɗan dishi-dishi na ƙafa biyar, abin da ba za a iya yi da sandar wuta ba sai dai a kashe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai riƙe da wuta a cikin duhu yana ganin ƙafa arba'in, amma shi ana hango shi daga ƙarshen lungu. Akwai kuma fitila mai ido ɗaya da ke harba haske gaba har ƙafa 60, ta zinariya 10, wadda ta dace da dogayen hanyoyi amma tana barin bayan ayari cikin duhu.

Man fitila makami ne kuma. Idan aka jefi abokin gaba da kwalbar sannan wuta ta taɓa shi, zai ƙara rasa makin rai biyar. Idan aka zuba a ƙasa aka kunna, yana tare wuri mai faɗin ƙafa biyar na ɗan lokaci, wanda ya isa a toshe bakin ƙofa a tsere. Dodon da ake kira troll raunukansa kan warke da kansu a kowane zagaye sai in an ƙona shi da wuta ko ruwan batir, saboda haka ayarin da ba shi da matsafi mai wuta, kwalbar azurfa ɗaya ce maganinsa.

Za a ce ai jinsuna da yawa a bugu na biyar suna gani a duhu. Haka ne, amma ƙa'idar ta ce ganin nasu dishi-dishi ne, babu launi, kuma mai gani dishi-dishi yana da naƙasu wajen lura da abubuwa. Zaren tarko da aka ja a ƙasa, ko bambancin jan maɓalli da kore, duk za su wuce shi. Kyandir ɗaya na tagulla ɗaya ya isa a karanta rubutun jikin bango. Ƙyastu kuwa, azurfa biyar, kowa ya riƙe nasa, domin mai ƙyastun ayari shi ne kan fara faɗawa rami.

Sanda, igiya da ƙusa

Sanda mai ƙafa 10 ta zama abin barkwanci tsakanin 'yan wasa, har ana tambayar yadda mutum zai shiga ɗakin kwana da ita. Asalinta kuwa ba wasa ba ne. A salon wasa na shekarun 1970 ba a cika jefa ɗan ludo don gano tarko ba, sai ɗan wasa ya faɗi da bakinsa inda ya taɓa da yadda ya taɓa. Shahararren labarin nan na Gygax mai suna Tomb of Horrors, wanda aka buga a 1978, cike yake da ramuka da tarkuna masu kisa nan take, kuma irinsa ne ya koya wa jama'a dungurar ƙasa kafin a taka. Har yanzu lissafin yana nan. Faɗuwa tana cin ɗan ludo mai fuska shida ɗaya a kowace ƙafa 10. Rami mai zurfin ƙafa 20 kan ci maki bakwai a matsakaici, matsafi a matakin farko kuwa makin ransa shida ne da ɗan abin da lafiyar jikinsa ta ƙara masa. Sandar tagulla biyar ce. Da ita ake tura ƙofa daga nesa, a auna zurfin ruwa, a ɗaga murfin akwati, a miƙa wa wanda ke nutsewa cikin laka. Aibinta shi ne tana cin hannu, tana kuma rage sauri, kuma teburin da ake dungurar kowane taku yakan gundura. Jagora nagari kan yarda cewa mai sanda yana dungura ba sai ya maimaita faɗa ba.

Igiya ba ta buƙatar mai kare ta. Ta rama zinariya ɗaya ce, laba 10, ta alharini zinariya 10, laba biyar, ƙarfinsu kuma ɗaya ne a ƙa'ida, don haka bambancin nauyi kawai ake saya. Abin da gogaggu ke cewa shi ne ƙafa 50 ba ta taɓa isa ba, musamman da yake igiyar da aka sauka da ita yawanci a can ake barin ta don dawowa. Mutum biyu a ayari su ɗauka. A haɗa da ƙugiya ta zinariya biyu don hawa katanga. Bayan hawa da sauka, da igiya ake ɗaure fursuna, a haɗa ƙugun matafiya a kan tudu, a ja akwati daga nesa, a ɗana wa masu bi tarko, a zura fitila cikin rijiya a ga abin da ke ƙasa kafin a zura mutum.

Ƙusar ƙarfe kuwa tarihi ne da ita. A ƙa'idar 1974 ƙofofin ƙarƙashin ƙasa a cije suke ga jarumai, kuma suna rufe kansu bayan an wuce, alhali dodanni suna buɗe su ba wahala. Sai aka riƙa buga ƙusa a tokare ƙofa don hanyar gudu ta zauna a buɗe, duk da cewa akwai yiwuwar ɗaya cikin uku ƙusar ta zame. An daina wannan ƙa'ida, amma dabarar ta rayu ta fuska biyu: a tokare ƙofa a buɗe don gudu, ko a tokare ta a rufe don a sami barci. Sai dai guduma tana da ƙara, kuma ƙara tana kiran baƙi. Wasu kan ɗauki 'yan guntayen itace masu tsini a maimakon ƙarfe saboda wannan.

Ƙarfen ɓanɓara, zinariya biyu, yana daga cikin 'yan kayan da ƙa'ida ta ba su lada a fili: duk inda za a iya zura shi a danna, mai shi yana samun fifiko, ma'ana ya jefa ɗan ludo biyu ya ɗauki mafi girma.

Ruwa da guzuri

A nan ne jakar da aka shirya ta fi yaudarar mutane. Jarumi na buƙatar laba ɗaya ta abinci da galan ɗaya na ruwa a kullum, galan biyu in ana zafi. Salkar da ke jakar rabin galan take ɗauka, ruwan rabin yini ke nan, ko na kashi ɗaya cikin huɗu na yini a lokacin zafi. Yunwa tana ɗaga ƙafa, domin jarumi na iya yin kwana uku da ɗoriya ba ci kafin ya fara jigata. Ƙishirwa ba ta jira. Wanda ya sha rabin abin da yake buƙata sai ya jefa ɗan ludo ya kai 15 kafin ya tsira daga jigata, wanda ya sha ƙasa da rabi kuwa ba jifa, ya jigata kawai. Jigata mataki shida ce, kowane mataki yana rage wani abu, na shida mutuwa ne.

A ɗauki ayarin mutum huɗu da zai ƙetare hamada cikin kwana biyar. Galan 40 suke buƙata, kimanin lita 150, wato kilo 150 na ruwa zalla. Duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka daga bakin famfo ya san ba a goya wannan. Shi ya sa mafi amfanin abin da sabon ayari zai saya da kuɗin haɗaka shi ne alfadari, zinariya takwas, mai ɗaukar laba 420, ko raƙumi na zinariya 50 mai ɗaukar laba 480. Dabba kuma tana da nata ci da sha, ba ta hawa igiya, kuma wani zai tsaya gadinta a bakin kogo.

Tsafi yana rushe wannan lissafi da wuri. Akwai tsafin matakin farko da ke samar da 'ya'yan itace goma, kowane ɗaya ya ƙosar da mutum yini guda. Akwai na kunna haske na awa ɗaya ba iyaka, akwai kuma jakar sihiri mai ɗaukar laba 500 ita kuwa nauyinta 15. Wannan ne ya sa tebura da yawa suka daina ƙirga abinci baki ɗaya. Ba laifi ba ne, amma gara a amince a kai tun daga farko, da jagora ya farka a zama na goma ya tambayi ina ruwanku.

Kada a manta da buhu fanko. A tsofaffin bugu, kowace zinariya da aka fito da ita daga kogo tana zama makin ƙwarewa, saboda haka ɗaukar dukiya ya fi kisan dodo riba, kuma tsaba goma ke yin laba ɗaya. Zinariya 5,000 laba 500 ce a wancan lissafi. Yanzu tsaba 50 ke yin laba, amma laba 100 ɗin ma sai an sami inda za a zuba ta. Buhu tagulla ɗaya ne.

Ƙananan abubuwa masu ceton rai

Akwatin jinya shi ne na farko. Jarumin da makin ransa ya ƙare yana fara jifan mutuwa, in ya faɗi sau uku ya tafi. Abokinsa na iya ƙoƙarin tsayar da shi da jifan sanin magani, wanda ke iya ƙin ci. Da akwatin jinya ba jifa, aikin ya tabbata. Zinariya biyar ne kuma ana amfani da shi sau goma, alhali kwalbar maganin sihiri ɗaya zinariya 50 ce. Kuskuren da aka saba yi shi ne a damƙa akwatin ga mai warkarwa na ayari, wanda dama yana da tsafin warkarwa. Wani ya kamata ya riƙe, don ranar da mai warkarwar ne a kwance.

Alli tagulla ɗaya ne kuma ba shi da nauyi. Da shi ake yi wa mararraba alama, a rubuta wa abokin da ya ɓace saƙo, a gane ko bango yana motsi. Jagora mai wayo kan tuna cewa mazauna wurin ma suna da ido, suna iya goge alamar ko su juya kibiyar, don haka ayari kan ƙirƙiri alama ta sirri a inda ba a zata ba. Madubin ƙarfe, zinariya biyar, na leƙen lungu ne ba tare da miƙa kai ba, da aika sigina da hasken rana. Dodanni biyu masu mayar da mutum dutse da kallo, Medusa da basilisk, ƙa'ida ta ce in suka ga kansu a madubi cikin haske mai ƙarfi, kallon nasu kansu yake komawa.

'Ya'yan boris dubu, zinariya ɗaya, in aka watsa su suna rufe wuri mai ƙafa 10, mai gudu a kai ya jefa ya kai 10 ko ya sha ƙasa. Ƙayar ƙarfe, mai siffar tsidau, guda 20 a jaka, tana rufe ƙafa biyar kawai amma ta fi cizo: sai an kai 15, wanda ya gaza kuma zai tsaya cak, ya rage sauri har sai ya sami magani. Duka biyun kayan gudu ne. Ɗan boris ɗaya kuma in aka ajiye shi a ƙasa zai nuna ko daɓen ya karkata. Ƙararrawa da zare a bakin ƙofa sun fi mai gadi mai gyangyaɗi. Usur, tagulla biyar, don ayarin da ya rabu.

Akwai kuma waɗanda littafi bai ba su ƙa'ida ba, sai dai hukuncin jagora: garin alkama da ake watsawa don a ga sawun halittar da ba a gani, sabulu don zame hannu daga ankwa ko santsin matakala, kakin zuma don toshe kunne ko ɗaukar siffar mabuɗi, ɗan nama don karen gadi. A kan irin waɗannan ne ake gane jagora. Wanda ke cewa a'a ga duk abin da ba a rubuta ba, nan da nan 'yan wasansa za su koma zare takobi a kan komai.

Idan labarin a birni yake

Ba kowane wasa ne na kogo ba. A labarin fada da makirci, tufafin alfarma na zinariya 15 sun fi sulke buɗe ƙofa, kuma takarda da tawada da kakin hatimi da zoben hatimi su ne makamai. A wasan Call of Cthulhu, wanda kamfanin Chaosium ya fara fitarwa a 1981 kuma aka fi gina labaransa a Amurka ta shekarun 1920, ɗan jarida na daga cikin sana'o'in da ake zaɓa, kuma tocila da littafin rubutu da kyamara sun fi bindiga amfani, tunda abin da ake fuskanta yawanci harsashi ba ya yi masa komai.

Jerin farashin kansa abin karantawa ne ga mai sha'awar tattalin arziki. A bugu na biyar ladan lebura azurfa biyu ne a yini, guzurin tafiya na yini ɗaya kuwa azurfa biyar. Kwalbar tawada zinariya 10 ce, ladan kwana 50, kusa da farashin doguwar takobi mai zinariya 15. Cikakken sulken ƙarfe, zinariya 1,500, ladan fiye da shekara ashirin ne. Wato jarumin da ake kira matalauci a farkon labari yana goye da abin da talakan ƙauyen ba zai tara ba. Tsofaffin bugu sun ɗauka cewa ayari zai ɗauki 'yan dako da masu riƙe wuta, su shiga gaba a wuri mai hatsari a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, a je a kwashe dukiyar mazauna wani wuri a kira su dodanni. Masu sukar wasan sun daɗe suna nuna kamar da wannan hoto ya yi da tafiye-tafiyen 'yan mulkin mallaka. Jagoran da ya ba ɗan dako suna da iyali da bakin neman ƙarin lada yakan sami labari mafi daɗi daga wannan jeri fiye da wanda ya ɗauke shi alfadari mai ƙafa biyu.

Wasannin da suka sake lissafin

Ƙirga laba aiki ne mai gajiyarwa, kuma masu ƙirƙirar wasanni sun nemi mafita iri-iri. Dungeon World na 2012 ya dunƙule komai a abu ɗaya, kayan tafiya mai amfani sau biyar: duk lokacin da aka buƙaci igiya ko alli sai ɗan wasa ya ce ga shi a jakata, ya soke ɗaya. Blades in the Dark na John Harper, 2017, wanda labarinsa na gungun ɓarayi ne, ya ce ɗan wasa ya zaɓi yawan kayansa kawai kafin aiki, uku ko biyar ko shida, sai a tsakiyar aiki ya faɗi mene ne su. Mai kaya uku yana sajewa da jama'a, mai shida kowa ya gan shi ya san da abin da ya zo. The Black Hack na 2016 ya maye ƙirga da ɗan ludo da ke ƙanƙancewa har kayan su ƙare. Knave na Ben Milton, 2018, ya yi amfani da gurabe: kowane abu na cin gurbi, gurabe kuma ƙididdigaggu ne. Shadowdark na Kelsey Dionne, 2023, ya koma ga tsohuwar damuwa ta wata sabuwar hanya, domin sandar wuta a cikinsa awa ɗaya take ci ta agogon gaske, ana ajiye waya a tebur tana ƙirgawa, gardamar 'yan wasa ma tana cin haske.

A irin na Harper tsara kaya tun kafin tafiya ba shi da amfani, an ɗauke wa ɗan wasa wannan nauyi don labari ya yi sauri. A irin na Milton da Dionne kuwa zaɓen abin da za a bari a gida shi ne rabin wasan. Ga mai son gwadawa ba tare da sayen littafi ba, a watan Janairun 2023, bayan wata taƙaddama da masu wallafa masu zaman kansu kan lasisi, Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin ƙa'idojin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kuma jerin kayan nan da farashinsu yana ciki kyauta.

Ko wane tsari aka bi, akwai lissafin da ba ya canzawa: jarumi hannu biyu gare shi. Mayaƙi mai takobi da garkuwa ba ya riƙe fitila. Maharbi na buƙatar hannayensa duka. Matsafi na buƙatar hannu ɗaya a sake don yawancin tsafinsa. Mai sanda ƙafa 10 sai ya yar da ita kafin ya zare makami, mai hawa igiya kuma sai ya san inda zai sa wutarsa. Kafin a shiga ƙofar farko, a rubuta a takarda wa ke gaba, wa ke riƙe da haske, da abin da ke rataye a ɗamara da abin da ke can ƙasan jaka, domin a tsakiyar faɗa jagora zai tambaya, kuma akwatin jinyar da ke ƙarƙashin guzurin kwana goma yana iya cin zagaye guda kafin a fito da shi.